15 ga Janairu: ɗora hoton Sardauna bai wadatar ba

'Yan uwana matasa, da zarar hunturu ya kankama, Janairu ya kai tsakiya, an san abin da zai biyo baya. Facebook da WhatsApp su cika da hoton Sardauna cikin rawani, kowa yana "Allah ya jiƙan Gamji", wanda ya tuna ya haɗa da Tafawa Ɓalewa. Addu'a ba ta da aibi, Allah ya karɓa. Abin da ake liƙawa ƙarƙashin hoton ne ke damuna: tsinuwa ga ƙabila sukutum, da kalaman da aka ƙaga aka ce wai Sardauna ne ya faɗa, alhali ba mai iya nuna inda ya faɗa ko yaushe. Yi wa mamaci ƙage zunubi ne, ko da ƙagen yabo ne.

Da yawa cikin masu wannan kumfar baki, in ka ce su lissafa waɗanda aka kashe a daren juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, suna biyu kawai za ka ji. Daren Asabar ne, cikin azumin Ramadan. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, haifaffen Kaduna mai jin Hausa kamar jakin Kano, shi ya jagoranci farmakin gidan Firimiya, inda aka kashe Sir Ahmadu Bello tare da uwargidansa Hafsatu. A Legas aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta. An kashe Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema da James Pam. Amma an kuma kashe Samuel Akintola, Firimiyan Yamma, a Ibadan, da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, da Birgediya Ademulegun da matarsa a Kaduna, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe wanda shi kansa Ibo ne. Gaskiya ne yawancin jagororin juyin daga ɓangare ɗaya suka fito, kuma 'yan Arewa sun fi kowa asarar manya. Wannan ba ya goguwa. Sai dai wanda yake son tarihi ya ɗauke shi duka, kada ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya bar saura.

Saura kuwa akwai ɗaci. Bayan Janar Ironsi, wanda ya karɓi mulki bayan juyin, ya soke tsarin jihohi da doka ta 34 a watan Mayu, aka yi araba, wato tarzomar neman a raba ƙasa, a garuruwanmu. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka mayar da martani, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi, gwamnan soja na Yamma. Cikin Satumba da Oktoba aka kashe dubban Ibo mazauna Arewa, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mu ba ma son a tayar da wannan zancen, amma jinin nan ma jini ne, kuma Allah zai tambaya. Daga nan aka faɗa yaƙin basasa na wata talatin. Ya ƙare ne a ranar 15 ga Janairu, 1970, lokacin da Philip Effiong na ɓangaren Biyafara ya miƙa wuya ga Janar Gowon a barikin Dodan, shi ya sa gwamnati take tunawa da 'yan mazan jiya a ranar. Mai zuga mutane daga kan katifa da wayar hannu bai taɓa jin warin filin daga ba.

In har ƙaunar Sardauna ce ke motsa ku, to ku dubi abin da ya bari a hannunku. Jami'ar Zariya ta 1962, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, kamfanin raya Arewa na NNDC, Bankin Arewa, jaridar New Nigerian da ta fara fitowa mako biyu kafin rasuwarsa, masaƙun Kakuri da suka ci da dubban gidaje. Masaƙun sun zama kango, jaridar ta dusashe, bankin ya narke cikin wani. Ba Nzeogwu ne ya dawo ya rufe su ba. A hannun 'ya'yan Arewa suka lalace, kuma wasu daga cikin masu laifin su ne a sahun gaba wajen taron lacca duk shekara, suna share hawaye da bakin babbar riga.

Bana ku canza salo. Gidan da aka kashe shi yana nan a Kaduna, shi ne Arewa House, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, cike da takardu da hotunan zamanin. Ku je ku karanta jawabansa na ainihi. Wanda Bauchi ta fi masa kusa ya ziyarci kabarin Tafawa Ɓalewa. In akwai tsoho a unguwarku da ya ga 1966 da idonsa, ku same shi bakin wuta da hantsi, ku gaishe shi, ku ce "Baba, ba mu labarin araba", ku kunna rikoda a wayar, kada ku katse shi ko da ya faɗi abin da ba ku so ji ba.