Ranar da na sa wata baiwar Allah tura motar bas da ƙirji

Shekara 6 na yi a Malabo, a tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, ina tsaron shagon kawuna. A can na tsinci Sifaniyanci, irin na bakin kanta: nawa ne, rage mini, babu canji, gobe ka dawo. Da na komo Kano a 2019, duk wanda ya tambaya sai in ce ai harshen nan kamar a bakina aka yanke masa cibiya. Kaf unguwarmu babu mai iya ƙure ni, sai na yi ta cin karena babu babbaka.

Rannan na ci karo da talla a intanet. Wata Baturiya a Amurka tana neman mai juya mata hirarraki 12 daga Sifaniyanci zuwa Turanci, dukkansu da iyaye mata da kakanni aka yi su a kan rainon yara, kuma da dala za ta biya. Na leƙa kicin na ce, "Maman Ummi, fara tunanin inda za mu ajiye sabon firji."

Abin da ban kula da shi ba, kowace tsohuwa da ƙasarta. Ni kuwa a sanina yaro niño ne, in an kai maƙura a ce chico, shi ke nan.

Hirar farko ta wata mata ce daga Chile. Ta ce la guagua ta hana ta barci wata 3 cur. Na yi murmushi, don wannan kalma na san ta: wani likita ɗan Kyuba da ke sayen sabulu a shagonmu ya taɓa gaya mini cewa a Habana, babban birninsu, haka suke kiran motar bas. Na rubuta cewa bas ta hana ta barci, har ina tausaya mata, na ce baiwar Allah a bakin tasha take zaune. Can gaba ta ce guagua ɗin tana kuka da ƙarfe 2 na dare. Na ce hon ne direba yake dannawa. Sai ga layin da ya kamata ya farkar da ni: ta ce duk lokacin da guagua ta tashi, sai ta ba ta pecho, wato ƙirji. Na ajiye kofin shayi, na yi shiru. Can na tuna yadda muke sauka mu tura bas in ta mace a hanya, na rubuta cewa takan sa ƙirji ta tura ta har sai ta yi shiru. A raina har ina jinjina wa matan Chile.

Ta biyu 'yar Bogota ce, babban birnin Kolombiya. Ta ce tana da chinos 3 a gida, sun cinye komai, ba sa wanka sai an bi su da gudu. Chino dai ɗan ƙasar Sin ne, ko a Malabo haka muke cewa. Na mayar da su 'yan haya, na kuma yi mamakin irin haƙurin matar nan da har take yi musu wanka.

Daga nan fa sai abin ya zama ruwan dare. Wata a Urugwai ta aiki botija sayen burodi, ƙamus ya ce tulu ne, na aiki tulu. 'Yar Chilen nan ta dawo da cabros chicos da ke wasan ƙwallo a tsakar gida, na sa ƙananan bunsuraye buga tamaula. Da na iso kan wata kaka daga El Salvador mai yawan kiran cipote, na duba ma'anarsa a Sifen, na rufe kwamfutar da sauri na yi a'uziyya. Ba zan rubuta shi a nan ba, gwaggona tana karanta abin da nake rubutawa.

Kwana 2 da turawa sai ga amsa. Baturiyar ta fara da godiya, irin godiyar nan tasu da ke zuwa kafin mari. Sannan ta tambaya, cikin ladabi, ko na lura cewa a littafin da take haɗawa kan rainon yara, babu yaro ko ɗaya a fassarata, sai mota da tulu da dabbobi da baƙi daga Asiya.

Daren nan ban runtsa ba, na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk yara ne! A Bogota chino yaro ne, a Urugwai botija yaro ne, cipote ma a El Salvador da Honduras yaro ne mai mutuncinsa. A Meziko kuma akwai escuincle, wanda asalinsa itzcuintli ne, wato kare a harshen Nahuwatil na Aztek, mutanen ƙasar na dā, amma uwa ke jefa wa ɗanta in ya dame ta, kamar yadda namu ke cewa ja'iri. Ajantina pibe, Benezuwela chamo, Peru chibolo, Gwatemala patojo. Na tsaya lissafi don kaina ya fara sarawa.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne guagua. A Kyuba da tsibiran Kanari bas ce, gaskiyar likita. Amma a Chile jariri ne, an aro shi daga harshen Kecuwa na mutanen tsaunukan Andes, inda ake kiran jariri wawa. Wawa fa! Wato duk daren da na kwashe ina kokawa da kalmar nan, sunana take kira ban amsa ba.

Wuri ɗaya na samu na ɗan ɗaga kai. Na rubuta wa Baturiyar cewa batun bunsuru kam ba ni kaɗai ba ne, don kid ɗin da su ma ke kiran yaransu da shi, asalinsa ɗan akuya ne. Ta ce haka ne, amma duk da haka in gyara. Na gyara. Sai dai gyaran ma bai yi mini daɗi ba: tulu, kare, bunsuru, duk suka koma kid, kamar an yi miya an manta daddawa. Tsohuwar da ke zagin jikanta cikin so da wadda ke lallashin nata, a Turancina murya ɗaya suka koma.

Rabin kuɗin ta biya. Firji ya koma kular ƙanƙara.

Da yamma ina zaune a tabarma ina jinyar zuciya, sai ga Hajiya, mahaifiyata, ta yi sallama. Ko zama ba ta yi ba ta sure Ummi tana cewa, "Ina kishiyar tawa, mai ƙwace mini miji? Yau sai mun raba gari!"

Maman Ummi ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban Ummi, ga aiki ya samu. Juya mana wannan da Turanci, a tura wa Baturiya."

Na ce mata cajin kwamfutar ya ƙare.