An janye maganin, amma bayan an binne yaran

Shekaranjiya da daddare 'yata ta tashi da tari. Na ɗauko kwalbar da na sayo a kemis ɗin unguwarmu, na tsiyaya a murfin awo. Jan ruwa ne mai ƙamshin alewa, ita da kanta ta buɗe baki tana jira. Sai hannuna ya tsaya, don yaran Gambiya sun faɗo mini a rai.

A watan Yulin 2022 likitocin asibitin koyarwa na Edward Francis Small da ke Banjul, babban birnin Gambiya, suka lura ana ta kawo musu ƙananan yara da ciwo iri ɗaya. Yaro zai fara da zazzaɓi da amai, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura, ƙoda ta tsaya. Uwa tana ganin ɗanta yana ƙara jin jiki, sai ta ƙara masa cokalin magani, ba ta san abin da ke kashe shi ke nan ba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk labarin. Sai ranar 5 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan magungunan tari da mura guda huɗu na kamfanin Maiden Pharmaceuticals da ke jihar Haryana a Indiya. Aka shiga bi gida-gida ana karɓe kwalabe. Yara kusan 70 sun riga sun rasu.

Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Me ke cikin kwalbar? Maganin ruwa yana buƙatar abin da za a narkar da shi a ciki, yawanci glycerin ko propylene glycol. Wanda aka tace domin magani yana da tsada. Akwai kuma diethylene glycol, wanda ake amfani da shi a man birki da ruwan sanyaya inji: ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, ga araha. Ido ba ya bambanta su, harshe ma haka. Sai an gwada kowace ganga a ɗakin gwaji kafin a zuba, gwajin kuma kuɗi ne. Masu binciken jihar Haryana sun ce kamfanin bai yi wannan gwajin ba, aka dakatar da aikinsa. Kamfanin ya musanta laifi, gwamnatin Indiya kuma ta ce nata gwajin bai gano guba ba, amma hukumar ta duniya ba ta janye maganarta ba.

Hukumomin Indiya da kansu sun ce waɗannan magunguna huɗu ba a sayar da su a Indiya ba, Gambiya kaɗai aka kai su, ƙasar da a lokacin ba ta da ɗakin gwajin da zai iya gano gubar, sai da aka aika samfur waje.

Kada wani ya ce ina zagin maganin Indiya. Wallahi ba don shi ba, da talakanmu da yawa ba su sha maganin hawan jini ko na ƙanjamau ba. Akwai masana'antu a can da ke sayar wa Amurka da Turai, suna kuma cika kowane sharaɗi, don sun san mai saye zai turo masu bincike har cikin ma'aikata. Wato sanin aikin yana nan. Abin da nake faɗa shi ne, idan mai shigo da kaya ya matsa sai an rage masa farashi, kuma kowa ya san babu mai dubawa a tashar jirgin ruwa, gwaji ne abu na farko da ake tsallakewa.

Mu ma mun ɗanɗana. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas, ya kashe yara 84 a Najeriya, har da na Zariya, kuma gubar ita ce dai wannan. Bayan Gambiya, a Uzbekistan yara 68 suka rasu saboda maganin wani kamfanin Indiya, Marion Biotech. A Satumba da Oktoban 2025 abin ya koma Indiya kanta, inda maganin Coldrif ya kashe yara sama da 20, mafi yawansu a jihar Madhya Pradesh.

Shi ya sa idan na ji sanarwar "an janye kaya daga kasuwa" ba na jin sanyi. Ihu ne bayan hari. Kuma wa ke jin sanarwar? Tana fita a intanet, da Turanci, da lambar rukunin kaya a jiki. Matar da ke ƙauye, wadda ta sayi kwalbarta a hannun mai tallar magani ranar kasuwa, ta ina saƙon zai iso ta? Ina so a riƙa gwada kowane rukunin maganin yara kafin ya bar tasha, mai shigo da shi ya biya kuɗin gwajin, a kama shi idan ya kauce. Idan kuma ta kama a janye, a faɗa a rediyo da Hausa, a faɗa a masallatai da coci-coci, a nuna hoton kwalbar.

A daren nan dai na mayar da maganin cikin kwalba, na dafa wa yarinyar ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami. Da gari ya waye na kai ta asibiti, da kwalbar a jakata, na miƙa wa likita na ce ya duba mini sunan kamfanin.