Kafin Mu Ce "A Kashe Shi"

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Jiya bayan La'asar a Anguwar Rogo da ke Jos na tarar ana gardama a majalisa kan masu kiran a dakatar da zartar da hukuncin kisa. Wani dattijo ya ce, "Ai so suke a soke shari'ar Allah." Tun jiyan maganar take damuna.

Ƙisasi gaskiya ne, yana nan cikin Suratul Baƙara, babu musulmin da zai ja da shi. Amma ku tuna Ma'izu, da ya zo da ƙafarsa gaban Annabi (SAW) yana iƙirarin zina. Annabi ya yi ta kau da kai har sai da ya maimaita sau huɗu, sannan aka bincika ko yana da taɓin hankali, ko ya sha giya. Wanda ya kawo kansa ke nan fa. To ina ga yaron da aka ɗauke cikin dare, ya sha duka, aka miƙo masa takarda da Turanci ya dangwala yatsa bai san me aka rubuta ba, iyayensa kuma ba su da kuɗin lauya?

Irin wannan kuskure ya faru a ƙasar nan. A 1981 gwamnatin Oyo ta kashe Nasiru Bello alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, amma Nasiru yana kabari. A 2004 kwamitin da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya ba da shawarar a tsaya tukuna har a gyara yadda ake bincike da shari'a.

Mu mutanen Jos mun san zafin zubar da jini, gidaje da yawa sun binne nasu. Shi ya sa nake roƙonku, don Allah mu ji tsoron Allah da bakunanmu. In aka rataye wanda bai ji ba bai gani ba, ainihin makashin yana nan yana yawo a kasuwar Terminus, an kuma ƙara wani jinin da za a fara tambaya a kansa ranar Alƙiyama.

Akwai wata baba mai ƙosai a layinmu, shekara tara tana kai wa ɗanta gari da ƙuli-ƙuli gidan yari. Ba ta taɓa ce mini ɗanta waliyyi ne ba. Kullum abin da take faɗa shi ne, mutum uku sun gan shi a kasuwa ranar da aka aikata laifin da ake zarginsa da shi, kuma har yau ba a kira ko ɗaya daga cikinsu ba.