Saiwar gancao: awo ne Sinawa suka fi mu

Duk Bahaushen da ke zaune a Guangzhou, in ya leƙa kasuwar magani ta Qingping, zai ga buhunan gancao jibge: saiwa mai jan ɓawo, cikinta rawaya, an yanyanka ta fale-fale. Daga arewacin Sin ake kawo ta, su Gansu da Ningxia da Mongoliya ta Gida. 'Yar'uwarta ce Larabawa ke kira irƙisus, wadda ake shan jiƙonta a Masar da azumi. Zaƙi gare ta sosai, kuma da wuya haɗin maganin gargajiyar Sin ya rasa ta, musamman na tari da ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon ciki.

Abin da ya kamata mu duba shi ne yadda Sinawa suke ba da ita. Kundin magungunan ƙasar, wanda aka fara fitarwa a 1953, ya ƙayyade giram 2 zuwa 10 a rana. Mai shago ba ya ɗiba da hannu, ɗan sikelinsa yake ɗorawa. A jiƙa haɗin rabin awa, a dafa a tukunyar ƙasa, a tace, a sake dafawa, a gauraya ruwan biyu a raba safe da yamma. In don ƙarfafa ciki ake so, sai a soya ta da zuma, kilo 25 ga kilo 100 na saiwa, a wuta kaɗan-kaɗan har ta daina danƙo a hannu. Har ganyayen da ba a haɗa ta da su an rubuta.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Sinadarin da ke ba ta zaƙi, gilisirizin, yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam. Wanda ya ɗauki makonni yana sha da yawa, sai ƙafa ta kumbura, jini ya hau, gaɓoɓi su yi rauni, bugun zuciya ya rikice. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan ƙwayar sa fitsari da mai juna biyu, duk su nisance ta.

A gida kuwa, masu maganinmu sun san itace, ba wanda zai raina musu sanin sabara ko marke. Amma me ake gaya wa mara lafiya? “Jiƙa ka riƙa sha.” Wane kofi, kwana nawa, babu bayani. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne gancao ta shiga irin wannan hannu, a ƙulla ta a leda ba takarda, a ce maganin olsa ce, dattijo mai hawan jini ya mayar da ita shayin safe saboda zaƙinta.

Ɗan kasuwar da zai kai ta gida ya sa a rubuta masa nauyin sha na rana da jerin waɗanda bai kamata su sha ba, ya mayar da shi Hausa, ya manna a kan kowane ƙulli. Mai saye kuma ya auna jininsa kafin ya fara, ya sake aunawa bayan mako biyu.