Busar nan ba ta wasa ba ce

Jiya ƙanena ya turo min wani bidiyon barkwanci daga TikTok, an ɗora masa busar saksofon ɗin nan ta waƙar Careless Whisper. Shi yana ta dariya, ni kuwa raina ya sosu. Na tambaye shi ko ya san mai waƙar, sai ya ce, "Yaya, ai kiɗan wasa ne."

Kiɗan wasa fa! A tsohuwar Fijo 504 ta kawuna na fara jin ta, tsakanin Zariya da Kaduna. Idan zaren kaset ya sarƙe, sai ya gangara gefen titi ya zaro shi, ya zura biro ya naɗe a hankali, ya mayar, ya ce kowa ya yi shiru. Turancinmu bai taka kara ya karya ba a lokacin, amma mun gane mai waƙar nadama ce ke cin sa.

Mai waƙar, George Michael, yana ɗan shekara 17 sautin busar ya faɗo masa a rai, a cikin bas a Ingila. Shi da abokinsa na makaranta, Andrew Ridgeley, suka haɗa waƙar. A 1983 ya tafi Muscle Shoals a Amurka ya ɗauke ta a hannun Jerry Wexler, dattijon da ya yi aiki da Aretha Franklin da Ray Charles. Yaro ɗan shekara 20 ya saurara, ya ce bai yi masa ba! Da a wajenmu ne, da an ce ba shi da kunya. Ya koma Landan ya sake aikin da kansa, masu busa suna zuwa suna tafiya, har Steve Gregory ya fitar da abin da ke kunnensa. Wannan taurin kan nake ƙauna. Waƙar ta fito a 1984 ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin Ingila, a 1985 ta yi haka a Amurka.

Daga baya shi kansa ya riƙa rage wa baitocin daraja, wai da ƙuruciya ya rubuta su. A nan ban yarda da shi ba. Duk wanda ya taɓa cin amanar mai son sa, ya rasa bakin ba da haƙuri, ya san abin da busar nan take faɗa.

George Michael ya rasu ranar 25 ga Disamba, 2016. Na tura wa ƙanen nawa cikakkiyar waƙar, na ce ya bari sai dare ya yi, gida ya yi tsit, sannan ya kunna.