Ni da Alkafura a Kwamin Iyo

Kun dai san likita ne ya ce in rage tumbi, gwiwata kuma ba ta yarda da gudu. Shi ne na yanki katin wata uku a kwamin iyo na wani otal. Ba zan kama suna ba, don har yanzu da sauran sati biyar a katina. Ni a ganina ruwa ba baƙona ba ne. Mu da muka tashi muna faɗawa kududdufi da damina, mu dawo gida ido jajur mu sha bulala, wa zai koya mana iyo?

Ranar farko mutumina mai shagon taya ya riƙe waya yana auna mini lokaci. Tsawon kwamin mita 25 ne, rabin na gasar Olamfik, don haka mita 100 zuwa huɗu ke nan. Na yi zuwa huɗun, na rungume bakin kwami ina haki kamar ragon da aka koro daga kara. Ya ce minti 2 da daƙiƙa 41. Na ce ai ba laifi. Bai ce komai ba, sai ya buɗe wani tsohon bidiyo ya miƙo mini. Eric Moussambani ne, ɗan Equatorial Guinea, a gasar Sydney ta shekarar 2000. Shi kaɗai a cikin ruwa, domin abokan karawarsa biyu, ɗan Nijar da ɗan Tajikistan, sun yi riga malam masallaci, wato sun faɗa ruwa kafin a ba da izinin farawa, aka kore su. Bawan Allah ya ƙarasa mita 100 da ƙyar da jiɓin goshi a minti 1 da daƙiƙa 52, duniya ta yi ta dariya. Shi ma a kwamin otal ya koya.

"To ka gani," in ji mutumina, "wanda duniya ta yi wa dariya ma ya ba ka ratar kusan daƙiƙa 50."

Daga ranar na ɗauki abin da zafi. Yaron da ke kula da kwamin, ɗan siririn nan mai usur, ya ce, "Yallaɓai, matsalarka kai kake ɗagawa kamar mai leƙen katanga. Da ka ɗaga kai sai ƙugu ya nutse, ka koma jan jikinka kamar buhun gero." Ya ce in riƙa kallon ƙasan kwami, in fitar da iska ta hanci tun ina cikin ruwa, in juya fuska gefe in shaƙa, in buga ƙafa daga ƙugu ba daga gwiwa ba. Ya ɗora ni kan zuwa takwas, hutun daƙiƙa 20 tsakanin kowanne. Gaskiya yaron ya san aikinsa. Cikin sati uku na sauko zuwa minti 2 da 29, duk da cewa ruwan da na sha a tsakani zai cika jarka.

Amma akwai Alhaji. Wanda yake kawo jikokinsa ranar Asabar, ya zauna a farar kujerar roba da babbar riga da hula, ko ɗan yatsansa bai taɓa taɓa ruwan nan ba. Shi ne babban koci. "Ɗana, buɗe hannu!" "Ɗana, ba haka ake yi ba!" Wai shi a zamaninsa ya sha ƙetare Kogin Kaduna da damina, kaya a ka. Wata Asabar ya ce sau biyu ya ƙetare, Asabar ta gaba ya zama sau bakwai, har da akuya a kafaɗa. Ban taɓa musa masa ba, babba ne. Abin da ba zan yafe ba shi ne ranar da na ɗago ina furzar da ruwa ya dubi jikokinsa ya ce, "Ku matsa wa dorina ta wuce." Yanzu duk yaran wurin Kawu Dorina suke ce mini. Har mai sayar da lemo.

To, a kan Alhajin nan na yanke shawarar koyon juyin alkafura. Kun ga yadda ƙwararru suke yi: in sun iso bango ba sa tsayawa, sai su dunƙule su wuntsila, su dangwara ƙafa a bango su harba kamar kibiya. Mai usur ya ce in bari tukuna. Na ce na kalli bidiyo ya fi sau talatin.

Asabar ce, wurin ya cika. Na taho da ƙarfina, na hango layin baƙin tayil na ƙasan kwami ya ƙare, alamar an kusa bango, na ce bismillah a zuci, na dunƙule. Abu na farko, na manta da fitar da iska ta hanci. Ruwan sinadarin nan ya bi ta hancina ya haura har tsakiyar ƙwaƙwalwa, na ji kamar an zuba mini yaji. Abu na biyu, na wuntsila da wuri, na miƙe ƙafa ina laluben bango, babu bango. Na harbi ruwa tsura. Na sake harbawa, wayam. A karo na uku dugadugaina suka sami wani abu mai tauri, na ce alhamdulillahi, na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni na tunkuɗa.

Ni na tafi. Wandona bai tafi ba.

Mazagin ne ban ɗaure da kyau ba. Na ji shi yana sulalewa, ƙugu, cinya, gwiwa, a hankali kamar mai sallama. Kuma ashe ba bangon ƙarshe na taka ba, na gefe ne, don haka a karkace na harba, na ratsa ta ƙarƙashin igiya na shiga layin yara. Na ɗago a tsakiyarsu, hannu ɗaya yana riƙe da wando a gwiwa, ɗaya yana dukan ruwa, hanci yana zuba, ina tari kamar tsohuwar Vespa. Wanda bai taɓa ƙoƙarin jan wando sama a ruwan da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, kada ya ce mini ya san tashin hankali. In ka ja da hannu biyu ka nutse. In ka saki ka yi iyo, asiri ya tonu. Sau uku ina nutsewa ina ɗagowa, kowace ɗagowa sai na ga Alhaji ya ƙara matsowa da kujerarsa.

Mai usur ya busa, ya miƙo mini doguwar sandar nan da suke kwashe ganye da ita. Da ita aka jawo ni gefe, a gaban kowa, kamar an tsamo mushe. Wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta matso ta ce, "Kawu, sai ka matso kusa da bango sosai tukuna." Sannan ta je ta yi alkafurar, sumul, ta dawo ta sake yi don in gani da kyau.

Alhaji kuwa bai yi dariya ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Gyara hula kawai ya yi ya ce, "Mu a Kogin Kaduna da bante muke shiga."

Gilashin ruwana ma a nan ya ɓace. Na ga irinsa sak a goshin ƙaramin jikan Alhaji Asabar da ta wuce, amma dai irinsa da yawa a kasuwa. Uwargida ta saka mini sabon mazagi, ta ƙulle shi da kanta har sai da na nemi almakashi da na dawo. Yanzu ranar Talata nake zuwa, da sassafe.