Wa kuka kira kafin ku buga?

Abin da jaridun nan biyu na garin nan suke yi tun shekaranjiya ya ishe ni, wallahi. Kun dai gani. Ɗaya ta kashe bawan Allah da ransa, ta ɗora hotonsa da "Inna lillahi" a sama, jama'a suka kama hanyar gidansa ta'aziyya, shi da kansa ya fito ya tarbe su. Ɗayar kuma ta mayar da abin biki, sai kanun labarai take jerawa kan kuskuren kishiyarta, editanta yana ta zuba habaici a Facebook, mabiyansa na tafa masa.

Dukkanku abin kunya kuka yi. Ke da kika buga, wa kika kira? Mutumin nan yana da 'ya'ya, yana da maƙwabta, unguwarsu akwai liman akwai mai unguwa. Kira ɗaya ya wadatar. Ba ku kira kowa ba, domin tsoronku kada waccan ta riga ku sakawa. Ke kuma mai dariya, duk wanda ke bin shafinki ya san daga zauren WhatsApp ɗaya kuke kwasowa. Sau nawa sanarwa ɗaya take fitowa a shafukanku biyu, har da sunan ƙaramar hukuma da aka rubuta ba daidai ba, iri ɗaya sak? Gobara ta tashi a kasuwa, kafin 'yan kwana-kwana su naɗe tiyo kowaccenku ta riga ta fitar da adadin shaguna da na asara, kuma babu wadda wakilinta ya taka ƙafa wurin. Laifi tudu ne, kin taka naki kina hango na wata.

Na san za a zo min ƙarƙashin rubutun nan da "ai ɗan Adam ajizi ne". Mun sani. Ajizanci shi ne ka bincika iya ƙoƙarinka kuma abu ya kuɓuce maka. Wanda bai ɗaga waya ba sakaci ya yi, a kira shi da sunansa. Wasu za su ce zamanin intanet ne, wanda ya yi jinkiri ya rasa masu karatu. To ku rasa su na minti goma mana. Masu cewa ba a biyan 'yan jarida albashi, gaskiya ne ana zaluntar da yawansu, kuma zan yi magana a kai wata rana, amma iyalan da aka tayar wa hankali ba su ne suka riƙe muku albashin ba.

Wannan ciwo ya daɗe. A Nuwamba 1989 jaridun ƙasar nan suka cika gari da labarin rasuwar Nnamdi Azikiwe, manyan mutane suka yi ta aika saƙon ta'aziyya, mutumin yana nan da ransa, bai rasu ba sai 1996. Kowace jarida ta ga wata ta buga, ta ce ai tunda waccan ta buga, an tabbatar. Hankali ɗaya ne da na yau, sai dai yanzu ƙarya ba ta jiran gari ya waye.

Ku tuna kuma da maganar yarjejeniyar Samoa. Ranar 4 ga Yuli 2024 Daily Trust ta fito da labarin cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar dala biliyan 150 mai ɗauke da sharaɗin amincewa da auren jinsi. Arewa ta ɗauki zafi, aka hau mumbari, aka yi ta tsinuwa. Da aka kai ƙara gaban hukumar sauraron ƙorafe-ƙorafe kan kafafen yaɗa labarai, ta duba takardar ta ce labarin ba daidai ba ne, ta umarci jaridar ta ba da haƙuri. Jaridar ta ba da haƙurin a fili, kuma ni na ƙara ganin girmanta a ranar. Amma ku je ku tambayi mutanen da suka ji huɗubar ko sun ji gyaran. Har gobe akwai wanda zai rantse maka an sa hannu a kan auren jinsi. Babbar jarida ke nan mai editoci da lauyoyi, kuma ba ta iya kamo abin da ta saki ba, balle ku.

Shi ya sa abin da jaridar nan da ta kashe bawan Allah da ransa ta yi daga baya ya fi kuskuren ɓata min rai. Ta goge labarin cikin dare, shiru, kamar ba a yi ba. Babu ban-haƙuri, babu gyara. Ƙa'idojin aikin jarida da ƙungiyoyinku suka amince da su a Ilori a 1998 sun ce a gyara kuskure da gaggawa, a kuma ba wanda aka taɓa damar mayar da martani. Ku kuka rubuta da hannunku. Inda kuka saka hoton mutumin, nan za ku saka gyaran, da girman rubutu iri ɗaya, ya kwana ya yini a wurin. Sannan edita ya je gidan da ƙafarsa ya ce, "Baba, mun yi laifi, a yafe mana."

Ni ba na ƙin gasa, ina sonta ma. Gari mai jarida ɗaya ya shiga uku, domin duk abin da gwamnati ta faɗa shi ke nan. Ina son in ga kuna rige-rigen zuwa asibitin Murtala ku ga yadda marasa lafiya ke kwana, ku zauna a kotu daga safe har a tashi, ku buɗe kasafin kuɗin jiha ku bi kwangila ɗaya har inda aka ce an yi aikin. Ku yi ta kishi a kan wannan, zan sayi data in karanta ku duka. Da yawanku ƙannena ne, na san kuna da basira, shi ya sa abin ke ci min rai. Kafin ku danna komai gobe, ku tambayi junanku: wa muka kira?

Af, tunda ana maganar jarida, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya tun 1939, Abubakar Imam na editanta. New Nigerian ta fara a Kaduna a 1966. A Kano kamfanin Triumph ya yi ta buga Albishir, da Alfijir da ajami. Tarihin Arewa na shekaru masu yawa yana cikin waɗannan takardu, kuma takarda gara na cin ta. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da Arewa House su haɗa kai a ɗauki hoton kowane shafi a ɗora a intanet, ɗalibi a Gusau ko Maraɗi ya buɗe da wayarsa. Attajiranmu da ke kashe miliyoyi a walimar aure, ga inda kuɗinku zai yi amfani.